Abin da zoɓo ya koya mini a ɗakin gwaji

Aikina na kammala karatu a Jos shi ne auna tsamin zoɓon da ake sayarwa a robobi a Taminus da Farin Gada. Na ɗauka abu ne mai sauƙi: a ɗiga NaOH, sinadarin da ke kashe tsami, daga biyuret, wato bututun gilashi mai ma'auni, a jira fenolftalin, sinadarin da ke nuna tsamin ya ƙare, ya sauya launin ruwan, a rubuta. Ashe zoɓo ba ya yarda da haka. Ja ne tun asali, kuma shi kansa yana rikiɗa yayin da tsaminsa ke raguwa, ya yi duhu, ya koma kore-kore. Kwana uku ina zura ido, sakamako uku, babu mai kama da ɗan'uwansa.

Sai aka mayar da ni kan na'urar taitireshan ta lantarki, wato mai yin wannan awon da kanta. Ita babu ruwanta da launi. Akwai wani siririn ilektirod mai kan gilashi da ake tsomawa a ruwan, yana jin canjin ƙarfin lantarki, na'urar kuma tana ɗiga sinadarin da kanta har pH, wato ma'aunin tsami, ya kai wajen 8.2 ta tsaya. Daga baya na karanta cewa mitar pH da Arnold Beckman ya ƙera a Amurka a 1934, don auna tsamin ruwan lemun tsami aka yi ta. Na ji daɗin hakan ƙwarai, domin matsalarsu 'yar'uwar tawa ce.

Sati guda komai lafiya lau. Ran Litinin na dawo, lambobi suka fara jan ƙafa, sai ka jira minti biyu ba su tsaya wuri ɗaya ba. Na fara zargin na'urar. Dattijon da ke kula da ɗakin, Baba muke ce masa, ya ɗaga ilektirod ɗin ya duba shi a hasken taga.

"Ɗana, a wane ruwa ka kwanar da shi ran Juma'a?"

Na ce a tataccen ruwa, Baba, don ya fi tsabta.

Bai yi faɗa ba. Ya nuna mini ɗan ƙaramin ramin da ke gefen gilashin, inda ruwan gishirin KCl na ciki ke haɗuwa da abin da ake aunawa. Tataccen ruwa yana tsotse gishirin nan ne a hankali. Ni da na ga kamar gata na yi masa, ashe yunwa na bar shi da ita kwana biyu. Muka sake cika shi, muka jiƙa shi a KCl ya kwana.

Washegari ya sa na saita na'urar da sabbin ruwan bafa, wato ruwan da aka riga aka san pH ɗinsa, na pH 4 da 7 da 10, ya ce in riƙa duba lambar da take nunawa bayan saiti, domin ita ke nuna lafiyar ilektirod. Lafiyayyen ilektirod yana ba da kusan milibolt 59 a kan kowane pH ɗaya idan ɗumi ya kai digiri 25. Da safiyar hunturun Jos kuwa, in ruwan yana digiri 15, lissafin yana sauka zuwa wajen 57. Shi ya sa ma'aunin zafi ke shiga kofin tare da ilektirod, abin da a baya nake ture shi gefe don yana tare mini hanya. NaOH ɗin ma sai da muka sake tantance ƙarfinsa da KHP, wani sinadari mai tsami da aka san ƙarfinsa, saboda yana shan iskar kabon idan kwalbar ta daɗe a buɗe.

Ranar na auna zoɓon roba ɗaya sau uku, lambobin suka zo kusa da juna. Kafin in rufe ɗakin na zuba KCl a murfin ilektirod ɗin, na koma daga bakin ƙofa na sake dubawa.