Talata: ranar da muka sauya ƙafar bayan tarakta

Hannuwana har yanzu warin man giya suke yi duk da na wanke da toka da omo sau uku, amma ba zan kwanta ban rubuta wannan ba.

Taraktar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, Massey Ferguson 135 ƙirar Ingila mai injin Perkins silinda 3. An daɗe da daina ƙera irinta, don haka ta girme ni nesa. Da ita muke huɗar fadamarmu ta wajen Kware, da ita kuma muke yi wa maƙwabta aikin haya. Makonni uku ke nan tana zaune. Gidan shaf na hagu, wannan ƙarfen mai siffar kakaki da sandar juya tayar baya ke ciki, ya tsage a inda hannun garma yake kamawa. Sau biyu ana yi masa walda yana sake buɗewa. Na dama kuma sil, robar da ke tare mai, ya mutu, mai ya jiƙa birki, ko ka taka sai ta ci gaba da tafiya. Na gaji da faci, na aika Ƙofar Ruwa a Kano aka samo mini duka biyun daga jikin wata irinta da aka farke.

Bayan sallar asuba tsohon makanikin da ya yi wa mahaifina aiki shekara da shekaru ya iso da yaransa biyu. Baba nake ce masa. Muka fara da wuri don a Sakkwato cikin Mayu, in rana ta take ko sufana ba ta taɓuwa.

Kafin a taɓa jak sai da ya sa aka cusa itace tsakanin aksil ɗin gaba da jikin taraktar, hagu da dama. Gaban yana lilo ne a kan fin guda, in ka cire nauyin gefe ɗaya a baya tana iya kifewa a kan mutum. Sannan aka ɗaga, aka jera guma-guman itace a ƙarƙashi, aka kwance noti takwas-takwas. Mu huɗu muka gangarar da kowace taya.

Da muka zubar da mai gabana ya faɗi. Garin ƙarfe ne yake ƙyalli a gindin baho. A wannan taraktar mai ɗaya ne yake zagaya giya da ƙafar baya da famfon da ke ɗaga garma, ashe duk wannan dattin famfon yake sha. Baba ya murza shi da yatsa ya ce, "Ɗana, wanga ba na yau ba na." Na ji kunya ƙwarai, don na san bara na ɗage sauya mai saboda tsada. Muka wanke cikin da gas har ya fito fes.

Cire na hagu ya fi wuya, domin shi ke riƙe da babban haƙorin tsakiya. Ana zare shi sai haƙorin ya nemi biyo shi. Yaro guda ya tallabe, muka sauke a kan buhu. Baba ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya karye, alhamdulillahi.

Muka yi azahar, muka sha fura a inuwar dogon yaro, muka koma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na la'asar. An ɗaura komai, ni har na fara murna, sai Baba ya ce a juya tayar dama alhali duka biyun suna sama. Aka juya, ta hagu ta bi ta, gefe guda suke tafiya. Ya girgiza kai. Shaf biyun a tsakiya suke haɗa kai, in sun matsu da juna haka sai su riƙa goga har su yi zafi su cinye kansu. Daidai shi ne in ka juya ɗaya gaba, ɗayar ta yi baya. Abin da ke raba su siraran faifan ƙarfe ne da ake sakawa a bakin gidan boris, wasu ba su kai kaurin takarda biyu ba. Ya sa aka kwance. Ya ƙara ɗaya, aka ɗaure, bai gamsu ba. Sau uku muna yi. Na ce, "Baba, magariba fa ta kusa." Ya ce, "Mahaihinka bai taɓa gaggauta ni ba." Na yi shiru. A karo na uku tayar ta juya baya, ya kama ta ya jijjiga, ya kasa kunne, sannan ya ce a zuba mai.

Ana kiran sallah ƙanena ya tayar da ita. Ya zagaya fili sau biyu, ya taka birkin hagu ta juya, ya taka na dama ta kama. Innarmu ta leƙo daga zaure da ta ji ƙarar, ba ta ce komai ba, ta daɗe a tsaye.

Gobe da safe zan duba ƙarƙashinta ko akwai ɗigon mai, in sake bin notocin taya. Akwai hadari ta gabas tun bayan isha'i, kuma mutum uku sun riga sun kira suna tambayar ranar huɗa.