Freetown, garin da rimi ya faɗi

Jirginmu ya sauka a Lungi da la'asar, ashe tafiya ba ta ƙare ba. Filin jirgin saman Saliyo yana wani ƙetare, birnin Freetown yana wani, sai an haye ruwa. Ni da ban saba da ruwan da ya wuce na kogi ba, na riƙe ƙarfen kujerar jirgin ruwan ina ta salati har muka kai gaci. Daga cikin ruwa kana hango garin ya hau duwatsu, gida a kan gida, kamar an jera kwanuka.

Mai masaukina Bafulatani ne, ɗan kasuwa, ya taɓa zama a Kano, don haka Hausarsa ba laifi. Washegari ya kai ni tsakiyar gari ya nuna mini wajen da tsohon rimin nan yake, wanda har a kuɗin ƙasar an buga hotonsa. Guguwa ta kayar da shi a watan Mayun 2023. Kututture kawai na gani. Nan ne sunan magajiyar garin, Yvonne Aki-Sawyerr, ya fara shigowa hirarmu, kuma bai sake fita ba har na bar ƙasar.

Akanta ce ta gogu. Ta yi karatun tattalin arziki a Kwalejin Fourah Bay, ta ƙaro ilimi a Landan, ta shekara da shekaru tana aiki can. Annobar Ebola ta 2014 ce ta dawo da ita gida, ta shiga cikin masu tsara yaƙi da cutar. A 2018 ta tsaya takara a jam'iyyar APC ta Saliyo ta ci, alhali shugaban ƙasa Julius Maada Bio ɗan jam'iyyar SLPP ne. Tsiya kuwa an sha ta tsakaninta da gwamnatin ƙasar. Duk da haka a 2023 aka sake zaɓenta.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Regent, wani gari a kan duwatsun gefen Freetown. Mun hau a keke mai ƙafa uku, injin yana nishi. Ranar 14 ga Agustan 2017, da sassafe, gefen dutsen Sugar Loaf ya zaftaro bayan mamakon ruwa, ya binne mutum fiye da dubu. An sare dajin da ke riƙe ƙasar, an yi gine-gine. Har yanzu tabon yana nan a jikin dutsen. Wannan na cikin abin da ya sa a 2020 magajiyar garin ta ƙaddamar da shirin dasa bishiya miliyan ɗaya. Abin da ya burge ni, ba a dasa a watse kamar yadda muka saba gani a bikin dashen itatuwa. Na ga wani saurayi tsugune gaban ɗan tsiro bai kai gwiwata ba, yana ɗaukarsa hoto da waya. Kowace bishiya da rajistarta, kuma ana biyan mai kula da ita ne in ta rayu.

Da dare muna shan shayi sai mai masaukina ya ɓata rai. Ya ce, "Alhaji, bishiya kam ta dasa, amma ka tambaye ni harajin gida." A zamaninta aka yi amfani da hoton tauraron ɗan'adam aka ƙirga gine-ginen garin, kowane gida aka yanka masa haraji gwargwadon girmansa da kyansa. Nasa bene ne, shi ya sa abin ya ciji shi. Na ce to ai da kuɗin ake kwashe shara. Ya ce in je Kroo Bay, unguwar talakawa da ke bakin teku, in ga kwata tukuna.

Na je ɗin. Ruwa na gangarowa daga tudu da robobi da leda, yara suna tsallake shi da takalman soso a hannu. Na koma gida na ce masa ya yi gaskiya, ya yi dariya ya ƙara mini shayi.