Tsohuwar na'urar CD da ta shigo hannuna

Alhamdulillahi, bayan dogon nema na samu Marantz CD-94 a hannun wani mai sayar da kayan gwanjo. Tun daga ɗagawa ka san ba wasa aka yi wajen ƙera ta ba, nauyi gare ta sosai, ƙarfe ne ko'ina.

Abin da ya sa na nace mata shi ne kayan cikinta. Tana ɗauke da injin karanta faifai na Philips, CDM-1, wanda hannunsa ke lilo a kan faifan maimakon ya ja a layi. Sannan ga guntun lantarki na TDA1541 mai mayar da lambobi su koma sauti. Masu harkar nan suna girmama shi ƙwarai, har waɗanda aka tantace aka buga musu tambarin kambi ake farauta. Da na saka faifai, muryar mawaƙi ta fito da ɗumi da kauri, ganguna kuma kowanne a mazauninsa. Wallahi na daɗe ban saurari waƙa da natsuwa haka ba.

Sony ta fitar da na'urarta ta CD, CDP-101, a Japan tun 1982, kuma tsarin ajiye sauti a faifan bai sauya ba, bit 16 ne a 44.1 kHz. Bambancin yana wajen wanda ya ƙera na'urar.

Mai niyyar saya, ka gwada tukuna. Bel ɗin tiren da ake ɗora faifai yana saki, kafasitoci, wato ƙananan kayan da ke riƙe wutar lantarki a ciki, suna bushewa, idon leza kuma yana raunana da shekaru, samun madadinsa yanzu sai an sha wuya.