Yini guda a Ƙurɗuba

Tun ina yaro a zauren malaminmu nake jin "in ji Ƙurɗubi" idan ana tafsiri, amma ban taɓa kawowa a raina cewa Ƙurɗuba gari ne da mutum zai yanki tikiti ya je ba. Da aiki ya kai ni Madrid, babban birnin ƙasar Sifen, na samu wata Asabar ba ni da komai, sai na yi sammako zuwa tashar Atocha.

Jirgin ƙasan da na hau shi ne AVE, mai gudun tsiya. A 1992 aka buɗe wannan layi tsakanin Madrid da Sevilla, kuma sai an saka jakarka a na'urar bincike kafin ka shiga. Muka wuce Ciudad Real da Puertollano, muka yi ta kutsawa cikin ramukan duwatsun Sierra Morena, muna fitowa sai gonakin zaitun iya ganinka. Awa biyu ba ta cika ba muka sauka a Ƙurɗuba, wato Córdoba kamar yadda mutanen ƙasar suke kiranta.

Da ƙafa na gangara tsohon gari. Lunguna ne matsattsu, gidaje farare fat, tukwanen furanni a rataye jikin bango. A gindin ganuwa na tarar da mutum-mutumin Ibn Rushd a zaune da littafi a gwiwarsa. A garin nan aka haife shi a 1126, ya yi alƙalanci bisa mazhabar Malikiyya, wadda ita muke bi a gida.

Amma tsohon babban masallacin garin na zo gani. Ana shiga ne ta wani fili mai itatuwan lemo, inda a da ake alwala. Da na tsallaka ƙofa sai hasken rana ya yanke, sanyi ya buge ni, na tsaya cik. Ginshiƙai sama da ɗari takwas ne a jere, a kansu bakuna hawa biyu masu ratsin ja da fari, duk inda ka waiga haka suke tafiya har duhu ya haɗiye su, kamar ka shiga kurmin dabino. Abdurrahman na Ɗaya ne ya fara ginin wajen shekarar 785, sarakunan da suka biyo shi suka yi ta faɗaɗawa. Mihirabin kuwa aikin Alhakam na Biyu ne, an zagaye shi da ayoyin Alƙur'ani da aka jera da 'yan ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinare. Na daɗe a gaban ƙarfen da ya kange shi ina bin rubutun Kufin nan harafi bayan harafi.

A 1236 Sarki Fernando na Uku ya ci garin, aka mayar da ginin coci. A ƙarni na 16 aka gina babbar majami'a a tsakiyarsa, hasumiyar ma aka lulluɓe ta da ginin ƙararrawa. Yau ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, har idona ya kawo ruwa. Sai dai gaskiya ɗaya ce: da ba a ci gaba da ibada a wurin ana kula da rufinsa ba, da wuya in same shi a tsaye, domin sauran manyan masallatan Andalus yawanci rushe su aka yi.

Na fito rana ta take. A wani ɗan gidan abinci na ci salmorejo, wato tumatir da burodi da tafarnuwa da man zaitun da aka niƙa ake sha da sanyi. Akan barbaɗa masa naman alade, don haka tun kafin a zuba na ce a bar min da dafaffen ƙwai kawai. Daga nan na taka tsohuwar gadar Rumawa a kan kogin Guadalquivir, sunan da ya samo asali daga Wadil Kabir.

Madinatuz Zahra, fadar halifofi da ke wajen gari, lokaci bai bar ni na je ba. A hanyar komawa tasha na ratsa lambun Colón, inda akwai wani ɗan ƙaramin masallaci mai farar ƙubba. A nan na haɗa azahar da la'asar na yi ƙasaru, tare da wasu 'yan Maroko uku, sannan na kama jirgin yamma.