Ranar da tatu-bola ya matse min yatsa

Zuwana na farko aikin daji a arewa maso gabashin Barazil, cikin dajin nan da suke kira Katinga, duk ƙaya ce da busasshiyar ƙasa kai ka ce wani yanki ne na Sahel. Malamata ta miƙo min wani abu dunƙulalle kamar kwakwa, wata dabba ce da suke kira tatu-bola, ta ce in auna shi in rubuta. Ai ni da na gan shi sai na ce to wannan ɗan'uwan bushiya ne kawai, tunda muna yara mun sha juya bushiya da kara a gona.

Ashe ba haka ba ne. Bushiya ƙaya gare ta, shi kuwa sulke ne na ƙashi da ya tsiro a cikin fata, da ɗamara uku a tsakiyar baya masu lanƙwasuwa, su ne ke ba shi damar naɗewa. Cikin duk dangin amadilo, wato irin waɗannan dabbobi masu sulke, su biyu ne kacal ke iya rufewa ruf, shi da ɗan'uwansa na kudu. Sulken kansa da jelarsa suna haɗuwa gefe da gefe su toshe ƙofar, ko tsinke ba ya shiga. Shi ne ma Fuleco, dabbar da aka yi alamar gasar kofin duniya ta 2014 da ita, da yawanmu mun gan shi a talabijin ba mu san dabbar gaske ba ce.

To ni sai na hangi 'yar kafa ya bari a buɗe, na ce bari in sa yatsa in ɗan buɗa in ga namiji ne ko mace, wallahi kafin in ankara ya datse, sai da na yi ƙara, farcena ya yi sati biyu da taruwar jini. Malamata ta ce da gangan yake barin kafar nan, tarko ne.

Daga nan na daina kokawa da shi. A jakar yadi nake sa shi in rataya a sikeli, nawa ya yi kilo 1.4. Sannan in ajiye shi a inuwa in koma gefe in yi tsit. Can sai ka ga hanci ya leƙo, kunnuwa sun miƙe, ga ciki mai laushi da gashi, ya tashi yana tafiya a kan tsinin faratan gaba, da sauri-sauri kamar an ɗaura masa waya. Da faratan nan yake fasa gidan gara, ya zura dogon harshe mai yauƙi ya lashe.

Abin da ya fi damuna shi ne naɗewar da ke cetonsa daga namun daji ita ke ba da shi ga mafarauci, ba gudu ba cizo, ɗauka kawai za a yi a jefa a buhu, ga shi ɗa ɗaya uwar ke haifa. Yanzu duk wanda muka kama sai na ɗauki hoton sulken kansa kafin mu sake shi, don zanen kowanne daban ne, da shi muke gane wanda ya dawo.