Asabar, na kai ɗan Yaya filin gudu

Ɗari ya sauka sosai yau. Ana sallame asuba na tashi ɗan Yaya, wanda ya zo daga Madawa zai fara jami'ar Abdou Moumouni, muka nufi filin wasa na Seyni Kountché. Tun zuwansa Yamai yake damuna da maganar, wai a lise ɗinsu babu mai shan gabansa a mita 1500. Na ce to, mu je ido ya gani.

Ya tashi kamar an harba kibiya. Zagaye na farko ya bar kowa baya, a na uku har wani dattijo mai rage tumbi ya kusa kamo shi. Mita 1500 zagaye uku ne da kashi uku cikin huɗu a fili mai mita 400, kuma duk yaron da ya taso a ƙananan garuruwanmu haka yake fara ta, domin bai taɓa gudu a wurin da aka auna ba. Da ya dawo yana haki ya ce, "Kawu, ƙasar nan ce ke tura ni." Gaskiya ya faɗa. Wanda ya saba da rairayi, ranar da ya taka shimfiɗar roba sai ya ji ƙafa ba nauyi, ya ƙarar da numfashinsa tun ba a je ko'ina ba.

Mu ma a can muka koya. Baba ma'aikacin gwamnati ne, ana ta yi masa canjin wurin aiki a cikin jihar Tawa, kowane gari da abin da ya saka mini a ƙafa. Keita duwatsu da hawa, can na koyi taka ƙasa da hankali. Illela rairayi, mai cinye ƙarfin cinya. A Madawa muna bin gefen garakan albasa da yamma, masu ban ruwa suna tambaya wa ya biyo mu. Ranar gasar lakwal mushe ya ja layi da toka, ya busa usur, mu kwasa ba takalmi, wanda ya zo na ɗaya a ba shi littafin rubutu da sabulu. Sai a lise a Tawa na fara ganin agogon auna gudu, a hannun malamin motsa jiki, kuma shi kaɗai ke taɓa abinsa. Da na zo jami'a, gadar Kennedy ce filina: in tsallaka kogi da sassafe kafin motoci da raƙuma su cika ta, in dawo in shiga aji.

Abin da ke ci mini rai, babu inda hanyar gudu take kaiwa. Ɗan kokawa yana da makaɗa, yana da masu kari, yana da takobin da ƙasa duka ke jira tun da aka fara gasar a Tawa a 1975. Ban ƙi ba, ni ma ba na barin rediyo in ana kokawa. Amma mai gudu daga ya gama makaranta shi ke nan. Lambobinmu biyu na Olamfik, mu 'yan Nijar, ta Issaka Daboré a damben zamani a 1972 da ta Alfaga a taikwando a 2016, babu ta gudu ko ɗaya. A 2005, lokacin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, a filin nan na Seyni Kountché na zauna ina kallon baƙi, ina lissafa yaran Adar da na sani waɗanda ƙafarsu ba ta gaza ba, mai horarwa kawai suka rasa.

Bayan azahar Yaya ta kira. "Kai dai kar ka ɗora mini yaro kan wannan hanya taka, karatu na aiko shi." Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, gudun asuba bai taɓa kayar da kowa jarrabawa ba." Ba ta yarda ba, amma ba ta hana ba.

Na ce wa yaron wata guda ba zai yi tsere da kowa ba, zagaye kawai, a hankali, ina riƙe da agogo. Ya ɓata rai. Gobe za mu wurin 'yan gwanjo neman takalmi, nasa ya tsage ta wajen babban yatsa.