Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Agogon da Ba Ya Faɗin Lokaci

Makon jiya mun tsaya inda aka ɗauke ni daga ɗakin jinyar yara aka saka ni cikin masu bincike a kan lalurar ADHD, wato yaran da hankalinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, jikinsu kuma ba ya hutawa. Ɓangaren barci aka damƙa mini.

Kayan aikina biyu ne. Akwai takardar tambayoyin iyaye da Dakta Judith Owens da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2000. Tambayoyi 33 ake haɗa makinsu, tun daga gardamar kwanciya har minshari da gyangyaɗin rana, kuma daga maki 41 ake cewa yaro na bukatar a duba shi. Sai wani ɗan agogo da ake ɗaura wa yaro a wuyan hannu. Motsi kawai yake ƙirgawa, kwamfuta ta fassara: inda hannu ya lafa, barci ke nan.

Tun ba a je ko'ina ba kayan nan biyu suka fara ƙaryata juna. Wata uwa ta cike takarda, makin ɗanta ya haura sosai, agogo kuma ya nuna ba ya rufa rabin awa barci ya kwashe shi. Wani matashin likita a cikinmu ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Iyaye mata akwai zuzuta magana.” Raina ya sosu. Na ce, “Ranka ya daɗe, bari dai in ji ta bakinta.”

Da ta dawo na ce, “Maman yaro, ba ni labarin daren jiya tun daga farko.”

Ta ce, “Sista, tun takwas nake fama. Ya ce ruwa, na ba shi. Ya ce fitsari. Ya tuna fensirinsa na cikin jaka, sai ya gani da idonsa. Ya tsokano ƙanwarsa ta sa kuka. Sai goma ta gota ya yarda ya kwanta, sannan na danna maɓallin nan da kuka ce.”

Ashe daga danna maɓalli agogo ke fara lissafin jiran barci. Awa biyun da suka cinye matar nan ba su cikin ƙidayarsa sam. Har wa yau, yaron da ya kwanta shiru ido biyu, agogo zai iya rubuta masa barci. Ita ma uwar akwai inda ganinta ya ƙare, domin da ta runtsa ba ta san sau nawa ya farka ba.

Ko gwajin da ake ɗauka mafi inganci, wanda ake kwana a asibiti da wayoyi manne a kai da ƙirji, yana da nasa cikas. Yana kama ɗaukewar numfashi da shure-shuren ƙafa, amma wane yaro ne zai yi barcinsa na gida a baƙon gado?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matsakaicin lissafi. Yaro ya yi awa goma sha ɗaya yau, gobe bakwai, a haɗa a raba ya tashi tara. Masana sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 na bukatar awa 9 zuwa 12, ka ga a takarda ya tsallake. Alhali binciken Reut Gruber, masaniyar barcin yara, na 2000 ya nuna wannan hawa da saukar daga dare zuwa dare na cikin abin da ke bambanta yaran nan da sauran. Daga nan na roƙa aka ƙara gurbi a wani ɗan littafin barcin yaro da iyaye ke cikewa kullum: ƙarfe nawa aka fara cewa “je ka kwanta”.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda maganin methylphenidate, mai natsar da yaro da rana, ya dagula mana lissafin dare.